Surukin da Ba Ya Juyi

Tsohon ya ɗora ƙafa kan bulo biyu, ya dafa bango, ya leƙa ta tagar bayan shagon tela. Tabaransa yana gida cikin aljihun wata riga, don a cewarsa idonsa ƙalau yake, duniya ce ta yi dishi-dishi.

Likitan Katifa ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana sayar da katifa, kuma duk wanda ya zo saye sai ya kwanta ya gwada. Daga nan ya haɗa iliminsa. Mai rub da ciki malalaci ne, ga ciwon wuya yana jiransa. Mai ƙudundunewa matsoraci ne. Mai baje hannu da ƙafa kuwa mai son kansa ne, zai cinye gado ya bar matarsa a bakin katako. Mutumin kirki shi ne mai kwanciya rigingine, hannuwa a gefe, ƙashin baya a miƙe.

Wannan ilimin ya riga ya kori maneman autarsa biyu. Malamin makaranta ya yi gyangyaɗi a falo, ya dunƙule kamar kyanwa. Direba kuma an same shi a kujerar bayan motarsa, fuska a nutse cikin matashi. Duk ya sallame su.

Da Auta ta kawo maganar telan, sai ta haɗa da sharaɗi.

"Baba, shekarata ashirin da takwas. In ka kori wannan ma, wallahi na zauna ke nan, mu tsufa tare."

"Ni ban kori kowa ba," in ji shi. "Kwanciyarsu ce ta kore su."

Shi ya sa yake tsaye kan bulo da tsakar rana, lokacin da telan kan rufe ƙofa ya huta.

Cikin shagon akwai keken ɗinki, da babban teburin yanka da yadi ya sauko ta gefensa har ƙasa, da dogon benci a jikin bango. A kan bencin saurayin yake kwance, rigingine, hannuwa a gefe, an ɗora hula a fuska. Rigarsa sabuwa dal, ko alamar yamutsa babu.

Murna ta kama tsohon, amma ya danne. Minti goma na farko kowa ma mutumin kirki ne. Ya duba agogo, ya jira. Rabin awa ta wuce babu juyi. Ƙuda ya sauka a kan hannun yaron, ya yi yawonsa, ya tashi don kansa.

"Haƙuri," tsohon ya faɗa a ransa.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame shi, wani gurnani mai tashi yana sauka. Ya kasa kunne, ya ji ba daga bencin yake fitowa ba, daga can ƙasa-ƙasa ne. Janaretan maƙwabta, ya yanke hukunci.

Washegari ya dawo. Kwanciya ɗaya, wuri ɗaya, sai dai riga ta canza. Tsafta ke nan. Rana ta uku bulon ya goce, ya faɗa kan tulin gwangwani da ƙarar da ta sa karen layin haushi. Ya miƙe yana ɗingishi, ya sake leƙawa. Yaron ko gezau. Wanda zuciyarsa ba ta da nauyin kowa ne kawai ke irin wannan barci.

A ranar ya tara ƙannensa, ya ce ya ba da Auta. Aka sa rana. Auta ta yi kuka ta yi dariya, ta rungume uwarta. Shi kuwa ya bi layi yana shaida wa mai aski da mai gyaran rediyo cewa a shekara talatin bai taɓa ganin ƙashin baya irin na surukinsa ba.

Matarsa ce kaɗai ba ta gamsu ba.

"Baban Auta, kai da kake kwana ƙafa ɗaya a bango, ɗaya a wuyana, kai ne mai auna mutane?"

"Sharri ne. Ni ban taɓa ganin haka ba."

"To, ai barci kake yi."

Don ya rufe mata baki, ya ce ta shirya su je ta gani da idonta. Ta yarda, amma sai da ta lalubo tabaran ta maƙala masa a hanci.

Suka tarar da ƙofar a ɗan buɗe. Suka shiga da sanɗa. Tsohon ya nuna bencin kamar mai tallar katifa mafi tsada, ya rage murya.

"Dubi wuya. Dubi kafaɗa. Wannan ko ya kai shekara ɗari ba zai san ciwon baya ba."

Gurnanin nan ya tsaya cak. Yadin teburin yanka ya motsa, wani ya rarrafo daga ƙarƙashi, rub da ciki, yawu a gefen baki, ƙyalle manne a kumatu. Telan ne. Ya durƙusa a rikice.

"Sannunku da zuwa, Baba. Ku yi haƙuri, barci ne ya ɗan ɗauke ni." Ya ga inda yatsan tsohon yake nuni, ya yi sauri ya miƙe. "Bari in ɗauke muku shi ku zauna. Mutum-mutumin da nake tallar riguna da shi ne, ƙafarsa ta karye tun makon jiya, na kwantar da shi kafin mai walda ya zo."