Fim Ɗin da Aka Yanke wa Wutsiya

Katin memori na waya ɗan ƙarami ne, bai kai farcen yatsa ba, amma Injiniya ya rantse yana karanta halin mutum a cikinsa. Aikinsa tura fina-finai a wani shago da bai fi ɗakin kaji girma ba, kuma injiniyancin nasa a baki ya tsaya. Duk da haka yakan ce, ka nuna masa abin da kake kallo, ya gaya maka abin da ke hana ka sakat.

Sai Allah ya haɗa shi da wata malamar asibiti. Duk ƙarshen mako takan tsaya a hanyarta ta komawa gida, ta miƙo kati a naɗe cikin ƙyalle mai warin man zafi, ta ce a cika shi da na soyayya. Ba ta zaɓe, ba ta tambayar 'yan wasa. Sharaɗinta ɗaya ne, sautin ya fito da ƙarfi.

Idan ta dawo kuwa, sai ta kawo rahoto kamar mai karanta sakamakon gwajin jini. Na aljanin da ya so mai sayar da turare ya yi daɗi. Na ofis, wanda ake faɗa tun farko a ƙare da aure, a ƙaro irinsa. Na zamanin sarakuna ya cika surutu. Na yaƙi kuma kada a sake sawa, ba haka ake riƙe bindiga ba.

Injiniya ya faɗa tsundum, ya kamu da sonta har yana tura wa masu neman na dambe na kuka. Da yake yana ganin taswirar zuciyarta na hannunsa, sai ya fara bin ta sawu da ƙafa.

Ta yaba fim ɗin da saurayi ya tsaya cikin ruwan sama, shi ma ya tsaya a ƙofar asibiti da fure har ya jiƙe sharkaf. Ta fito, ta dube shi, ta ba shi maganin mura. Ya gwada salon na ofis, ya tsokane ta da faɗa, ta daina gaishe shi sai da ya ba da haƙuri. Ranar da ya yi mata kirari irin na fadawa, tambayarsa ta yi ko yana jin jiri.

Abin mamaki, ranar da ta fara yi masa murmushi ba wani salo ya yi ba. Cajarta ce ta lalace, ya gyara mata kawai. Daga nan hira ta ɗan fara tsawo, har ta gaya masa inda gizo ke saƙar: babanta.

Kowa a unguwar ya san baban nata, Saje. Tsohon soja ne mai sanda da gashin baki, kullum idonsa ja wur kamar garwashi, da hankici a hannu. Tun rasuwar matarsa ba ya fita, ba ya karɓar baƙi. Samarin da suka je neman 'yarsa, akwai wanda ya baro takalminsa a can, har yau bai koma ɗauka ba.

Injiniya ya ga in bai yi dabara ba, hirar mako-mako ba za ta kai shi ko'ina ba. Sai ya zaɓo fim mafi cin rai a shagon: masunci ya ɓace a teku, budurwarsa tana jira a bakin ruwa, mai kantin magani kuma yana ta zarya da kyaututtuka. Daidai inda wani kwalekwale ya ɓullo daga nesa, ya sa almakashi ya datse. A lissafinsa, dole ta dawo washegari.

Ta kuwa dawo, amma ba da fuskar da ya zata ba.

"Me ka sa a katin nan? Gidanmu ba zaman lafiya tun jiya."

"To, ya kika ga masuncin?" ya tambaya yana washe baki.

"Wane masunci? Ka rufe shagon nan, Baba na son ganinka yanzu."

Injiniya ya rufe shagon, ya bi ta. Shi ke nan, tsohon ya gano mai cika wa 'yarsa kai da soyayya. A hanya ya shirya rantsuwa iri-iri, ya kuma ɗaure igiyar takalminsa tamau, don shi ba zai bar nasa ba.

Saje na zaune a falo, sandar a kan cinya, idon nan ya fi kullum ja. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kai ne mai turawar?"

"Ni ne, Baba. Wallahi daga yau na daina."

"Ka daina?" Sandar ta bugi ƙasa. Saje ya juya ga 'yarsa. "Ke, ba mu wuri. Ja ƙofar."

Ƙofa ta rufu. Injiniya ya runtse ido yana jiran saukar sanda a ƙeyarsa, yana ta salati a zuci. Sandar ba ta sauka ba. Da ya buɗe ido ɗaya, sai ya ga tsohon ya zaro waya daga ƙarƙashin matashi, ya matso da kujerarsa, yana matse hanci da hankici.

"Ita wannan ko minti biyar ba ta yi a gaban fim, barci take," in ji Saje da raɗa, hawaye na bin gashin bakinsa. "Ta ce tana son ka, na ba ka. Amma don girman Allah, ɗana, gaya mini: masuncin nan ne a kwalekwalen, ko kuwa munafukin mai maganin ne zai aure ta?"