Ƙafar Tela a Kan Fedar Piyano

Ka ce mini kana jin nauyin gyara wa ɗalibanka manya, wai waɗansu sun haife ka, kuma in ka cika tsayar da su za su karaya su daina zuwa. Na ji. Rufe piyanon nan tukuna, ka gyara zama in ba ka misali.

An yi wata mata tela, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Lokacin da yake raye shi ne mai kaɗa piyano a cocin ƙauyensu, kuma akwai wata waƙa da yakan kaɗa duk ranar ɗaurin aure in amarya za ta shigo. Da aka sa ranar 'yar, sai uwar ta ƙudurta a ranta cewa ita za ta zauna a kujerar uban ta kaɗa waƙar nan, don kada yarinya ta ji maraici a ranar farin cikinta. Ta samu wani malamin piyano a garin da take ɗinki, saurayi mai ladabi irinka, ta gaya masa bukatarta. Hannunta na dama bai ba shi wahala ba, yatsun da suka saba da allura ba sa ɓata hanya. Na hagu kuwa tun da yake a duniya riƙe yadi kawai ya sani, sai ya riƙa zuwa a makare yana faɗawa inda ba a aike shi ba. Ana nan sai ta gano fedar nan ta dama, wadda in ka taka ta sauti ba ya mutuwa, yana ta amo yana haɗuwa da na bayansa. To, me za a gaya wa ƙafar tela game da taka feda? Ƙafar da ta tsufa a kan keken ɗinki ta ga gida. Ta taka ta ƙi ɗagawa, duk kuskuren hagu ya narke cikin amon, kamar a malala miya a kan tuwo mai gudaji.

Malamin yana ji, don kunnensa lafiya lau. Ya san maganin kuma: a hana ta feda, a raba hannuwan kowa ya koyi aikinsa, ko a ba ta waƙar a sauƙaƙe yadda hagu zai riƙe sauti ɗaya ya huta. Amma in ya buɗe baki sai ya ga furfurarta, ya ga yadda idonta ke cikowa in ta kai ƙarshen waƙar, sai ya ce madalla Mama, an samu ci gaba. Shi a ganinsa tausayi ne da girmama na gaba. Ni kam ban taɓa kiran wannan tausayi ba, tsoron ɓacin ran minti ɗaya ne aka sa wa babbar riga.

Ranar biki ta zo. Matasan cocin suka nuna mata piyanon lantarkin da suke amfani da shi yanzu, ta ce a'a, tsohon na katako take so, wanda mijinta ya kaɗa. Ba ta samu ta gwada shi ba, ɗinkin kayan amarya ya cinye mata kwanakin ƙarshe. Aka share masa ƙura, coci ta cika, amarya ta tsaya a bakin ƙofa. Uwar ta ɗora hannu, ta taka feda, sai ta ji ƙarfen ya tafi ƙasa sakaka bai kama komai ba. Ya daɗe da karyewa, ba wanda ya kula. Kowane sauti ya fito shi kaɗai tsirara, hagu yana tuntuɓe kowa na ji. Jama'a suka ja numfashi za su kama waƙa, suka rasa ta inda za su shiga. Ta sake daga farko, abin bai canza ba. Daga nan ta ɗauke hannun hagu ta ajiye a cinya, ta ƙarasa da dama kaɗai, siririyar murya kamar ta mai koyon ranar farko, amarya tana takowa kanta a sunkuye. Ba wanda ya yi dariya, mutanen kirki ne. Ita dai ta san abin da ta zo ba 'yarta, ta kuma san abin da ta bayar.

Bayan an watse biki ta koma wurin malamin. Ba ta yi faɗa ba, tambayarsa kawai ta yi ko yana ji tun farko. Ya ce yana ji. Sai ta ce, "Ɗana, ni in mai koyo ta karkata ɗinki, sa ta nake yi ta farke ko tana hawaye, don ba a shagona za a sa rigar ba." Ta naɗe ƙafarta ƙarƙashin kujera, ta ce su fara da hagu. Ta kuwa iya daga baya, har ta riƙa kaɗa wa 'ya'yan mutane waƙar tsaf. Sai dai 'yarta guda ce, kuma sau ɗaya aka shigo da ita.

Saboda haka gobe in dattijon ɗalibin nan naka ya zo, ka gaishe shi da kyau, ka ba shi girmansa, sannan ka ce ya ɗauke ƙafarsa ku ji abin da hannun ke yi. Gara ya ji a ɗakin nan daga bakinka, don ranar wanka ba a ɓoye cibi.