Shaidar Tabarma

Tun da aka kafa dokar cewa ba a kai mamaci makwancinsa sai tabarmar jinyarsa ta ba da shaida, Tasallah ba ta taɓa zaton za ta taka kotu ba. Yau ga ta da tabarmar mahaifinta a hammata, har yanzu tana ƙamshin man zafinsa. Da can, da rai ya yi halinsa sai wanka da salla, kafin la'asar ana karɓar gaisuwa, ba mai tambayar wa ya ba shi me.

Alƙali ya shimfiɗa tabarmar, sai ga muryar Baffa, mahaifin nata, a dishe.

"Gambo, dama min fura."

Muryar Gambo ta biyo baya daga tabarmar: "Likita ya hana, Baffa. Za ta shaƙe ka."

"Na sani. Dama."

Gambo, yayanta, ya sunkuyar da kai.

"Doka ta ba ki zaɓi," in ji alƙali. "Ƙara ko yafiya?"

Da niyyar ƙara ta zo, don furar nan ce ta hana ta tarar da mahaifinta da rai. Ta buɗe baki ke nan, sai daga tabarmar aka ji ludayi ya ƙwanƙwasa ƙwarya, Baffa ya yi ajiyar zuciya.

"Ka rage wa Tasallah."

Haka yake cewa tun tana rarrafe.

"Na yafe, ranka ya daɗe. Amma don Allah a sake sa min wurin nan."

Alƙali ya soma naɗe tabarmar.

"Sau ɗaya take magana, Hajiya."