Wanda Ya Yaga Hoton Abdulghaffar

Ubale ya tarar da hoton a cikin bokitin wanke-wanke, yana yawo tare da dusar shayi. An yaga shi daga hula har ƙafa. Ba yau aka fara ba, amma yau kam ya ga hannun da ya yi.

Duk unguwar Karantina, matattarar baƙi a ƙasa mai tsarki, an san ciwon Ubale. A garin da kowa ke mutuwa a kan ƙwallon ƙafa, shi sai ya je ya kwaso kurket, wasan bugun ƙwallo da sanda, a tashar jirgin ruwa, wurin 'yan Pakistan da suke dakon buhuna tare. Bai taɓa ganin filin wasan da idonsa ba, sai rediyo da abin da abokan aiki suka fassara masa. Duk da haka ya riƙe mutum ɗaya kamar uban da ya haife shi: Abdulghaffar, gwanin bugu, wanda aka ce in ya kama sanda da hantsi sai faɗuwar rana ta raba shi da fili.

Wannan so ya ja masa raini ba kaɗan ba. Surukinsa ya daina amsa gaisuwarsa tun da ya raɗa wa ɗansa na fari sunan baƙo ya tsallake na kaka. Matarsa Barakatu kan ce da ma aljani ne ya shige shi, da an san malamin da za a kai shi. Ga shi kuma an yi shekaru ba a jin gwanin a rediyo. Ana raɗe-raɗin ya karɓi toshiya ya zubar da wasa, ya ɓace. Ubale ya ce ƙarya ce, kuma akwai masu gurbin haƙori a unguwar da za su ba da shaidar yadda yake kare maganarsa.

A gahawar bakin tasha, inda 'yan dako ke shan shayi bayan aiki, nan ya liƙa hoton da ya yanko daga tsohuwar jarida: saurayi fes, ya ɗaga sanda sama. Nan kuma mai wanke kofuna yake, wani miskilin ɗan Pakistan da ake kira Shayib saboda furfurar gemunsa, ko da yake tafiyarsa ba ta tsoho ba ce. Aikin Hajji ya zo ya maƙale. Yatsunsa duk a karkace suke, kuma da an kunna wasa sai ya ɗauki bokitinsa ya koma bayan rumfa.

Hannun Shayib ɗin nan Ubale ya gani yau, ya kuwa ci kwalarsa a gaban jama'a. Shayib bai ko ƙifta ido ba.

"Ɓarawo kake bauta wa," in ji shi cikin gurɓataccen Larabcinsa. "Ya sayar da wasan, ya ci amanar mutum goma da suka shiga fili tare da shi. Halas, magana ta ƙare. Je ka nemi abin yi."

Ubale ya waiwaya yana jiran 'yan ƙasar gwanin su taso su tattaka wannan tsinanne. Ko ɗaya bai motsa ba, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Usman, shugaban 'yan dakon, shi ya ɓamɓare hannunsa daga rigar, yana roƙonsa don Allah kada maganar ta fita daga gahawa. Ubale ya tofar da yawu. Ashe matsorata yake zama da su, a zagi gwaninsu a gabansu su ba mai zagin kujera, har su zuba masa shayi da hannu biyu.

Ya sake samo hoto wurin wani matuƙin jirgi ya liƙa, aka sake yagawa. Ƙiyayyar ta hana shi jin daɗin abinci. Barakatu ta ce ya bar wa Allah, takarda ce fa, ya ce ta yi masa shiru.

Akwai abin da kowa ya sani ba a faɗa: Shayib ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. A Karantina kuwa doka ɗaya ce ba a takawa, ko da mutum ya zagi uwarka: ba a tona asirin maras takarda. Rabin unguwar a ƙarƙashin wannan rufin asiri suke kwana, kuma mahaifiyar Ubale ma haka ta zauna har ta rasu. Ya san wannan sarai. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ya kai rahoto.

Motar kame ta iso da hantsi, lokacin da ake tsakiyar sauke shinkafa. Shayib bai gudu ba. Ya ɗauraye kofin da ke hannunsa, ya kife shi, ya goge yatsunsa ya fito. Ubale yana tsallaken hanya ya harɗe hannu, zuciyarsa fari ƙal.

Sai 'yan dakon suka fara ajiye buhuna. Suka jeru a gefen hanya, manya da ƙanana, suka shiga tafi, a hankali, ba sowa ba magana. Ubale ya san irin wannan tafin a rediyo, shi ake yi wa gwanin bugu in zai bar fili, amma ya rasa abin da ya kawo shi nan, a kan mai wanke kofuna. Shayib bai juyo ba. Ya ɗaga hannun damansa sama sau ɗaya, ya hau mota.

Usman ya tsallako ya tsaya kusa da Ubale, hawaye na bin gemunsa, bai dube shi ba.

"Kullum roƙonka Allah ya nuna maka Abdulghaffar ido da ido," in ji shi. "To ga shi can a bayan mota, ka duba da kyau, don kai ka sa ba za mu ƙara ganinsa ba."