Ciyawar Ba'ana

Ba'ana ya damƙi ƙasa ya watsa sama, ya ga inda iska ta nufa, sannan ya kinkimi bututu ya ja injin feshinsa mai taya zuwa can. Jiya kudu, yau gabas. Sai iska tana kaɗawa zuwa daji yake tayar da injin.

Ciyawa yake ba ruwa, jama'a. Ciyawa! A bayan unguwar Galtimari, dab da ramin da sojoji suka haƙa kewaye da gari, a tsakiyar bazara, lokacin da mata ke wuni a layin famfo da jarka. Ga fili kore shar, mai filin kuwa ko akuya ba shi da ita.

Shanunsa suna daji. Bara, ranar da ya shigo kasuwa, 'yan Boko Haram suka faɗa wa rugarsu, suka ƙone bukkoki, suka kora garken kaf. Matarsa Gumsu ko gawarta ba a gani ba. Dangi suka yi zaman makoki, gogan bai leƙa ba. Yana can yana cinikin gidan gadonsa na unguwar Abbaganaram, don ya sayi inji da bututai.

Ka zauna da shi, hirar ɗaya ce: shanuna, shanuna. Wai suna jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ciyawa daga inda ido ba ya kaiwa, kuma yunwar bazara za ta koro su gida. Wai tsabar taurin kai, hannu ɗaya suka sani. Baƙo ya taɓa hantsarsu sai harbi, ko ɗigon nono ba zai gani ba. Da alfahari yake faɗi, ko kunya babu.

Rahmat, ƙanwar Gumsu, ta taka har filin ta tofar da yawu a gabansa.

"Tir da halinka, Yaya Ba'ana. 'Yar'uwata ba ta kai saniya ba a wurinka?"

"Matsa," ya ce, "kin taka mini tiyo."

Kuɗin gida ya ƙare a man fetur. Ya sayar da wayarsa, ya sayar da babbar rigarsa. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas, kowa na murna, shi kaɗai yake hararar sama. Ruwan farko na sauka daji zai yi kore, babu saniyar da za ta ƙara waiwayar ciyawarsa.

Ranar da ya juye jarkarsa ta ƙarshe a injin, wajen la'asar, ƙura ta taso daga daji. Sojojin bakin rami suka ɗana bindigogi. Ba'ana ya ruga gabansu, hannuwa a sama, yana ihu, "Kada ku harba! Nawa ne!"

Shanun suka iso a guje, duk haƙarƙari a waje. Suka gangara ramin ta inda ya zaizaye, suka hauro, suka kafa kai a ciyawa.

"To, madalla," in ji Rahmat cikin 'yan kallo. "Ga masoyansa sun dawo. Sai ya rungume su."

Bai rungumi ko ɗaya ba. Ya ratsa tsakiyarsu yana ture ƙaho, bai ƙirga ba, bai ma dube su ba, har ya kai bayan garke ya zube a gwiwa.

Can, riƙe da wutsiyar tsohuwar saniya, ƙwaryar tatsa ɗaure a baya, ga mai hannun nan ɗaya da 'yan daji ba su isa su kashe ba muddin suna son shan nono: Gumsu.