Takalmin Baba a Cikin Rumbu

Ina ɗan shekara takwas Baba ya dawo gidanmu na Tsiga, bayan wa'adinsa na aikin soja ya cika. Ya yi wa mahaifiyata, Inna, alkawarin zai zauna ya kama noma. Wata rana gab da la'asar sai na tarar da shi a ƙofar ɗaki yana goge takalmansa na soja.

Inna ta bar daka, ta tsaya a kansa da taɓarya a hannu.

"Ashe komawa za ka yi? Masarar da ka shuka, wa ka bar wa?"

"Ba da ke nake shawara ba," in ji shi, ko kai bai ɗago ba.

Da ya tashi yin alwala, na ɗauke takalmin ƙafa ɗaya na jefa cikin rumbu. Da ya dawo ya gane ni ne, bai dake ni ba. Haɓata ya kama, ya dube ni kamar ɗan wani, ya ce, "Ko ba takalmi zan tafi."

Ya kuwa tafi.

Yanzu ya tsufa, yana zaune a gidana a Funtuwa. Ina ciyar da shi, ina gaishe shi kullum. Amma da ya fara ba 'ya'yana labarin soja, sai in tashi in ba su wuri.