Hancin Slavojka

Tana shimfiɗa tabarmarta ta roba warin ya daki hancinta. Wari ne mai tsami, kamar an jiƙa safa kwana bakwai an manta. Slavojka ta yamutsa fuska, ta bi matan da ke ɗakin da kallo ɗaya bayan ɗaya tana neman mai shi.

Wannan ne gidan motsa jiki na yoga na uku da ta gwada a unguwarsu ta Detelinara, kuma daga shi babu wani. Likita bai ɓoye mata ba: ko ta riƙa motsa bayanta mai ciwo kafin bazara, ko ya sa mata wuƙa. Zaman bas zuwa cikin gari kuwa ya fi ƙarfin ƙugunta.

Gidan farko, na saman shagon burodi, minti goma ta yi ta fice. A na biyu sai da ta tsaya ta gaya wa mai wurin, a gaban ɗalibanta, cewa garken aladun kakanta ya fi nan tsabta. Shekara talatin Slavojka ta yi tana aikin jinya, ta san ƙazanta in ta ji ta, kuma bakinta ba shi da linzami. Shi ya sa ma take zuwa da tata tabarmar, wadda kullum da safe take samu a naɗe tsaf a bayan ƙofa. Mijinta Radoje mutum ne mai tsari.

Malamar, wata siririyar yarinya mai suna Isidora, ta tashi ta buɗe tagogi duk da sanyin Disamba. Matan suka yi ta jan jiki gefe. Da aka ce a kifa goshi a ƙasa a ja dogon numfashi, Slavojka ta ɗago kai da sauri ta toshe hanci.

Isidora ta durƙusa kusa da ita, ta yi ƙasa da murya. "Anti, ko za ki gwada ɗaya daga cikin tabarminmu?"

"Naku? Waɗanda kowa ya zuba wa gumi? Allah ya kiyaye! 'Yar nan, ki sayi sabulu kafin ki koya wa mutane numfashi."

Ta naɗe abarta ta fita, ba wanda ya ce mata ta dawo.

Da ƙyar ta hau bene tana dafe da baya. Ta zube a kujera, hawayen takaici suka cika mata ido. Unguwa guda ba wuri ɗaya mai tsabta, ita ke nan sai tiyata.

Radoje ya leƙo daga baranda yana murza hannu.

"Yauwa, kin dawo da wuri! Miƙo min tabarmar nan, gangar kabejin da na jiƙa don ya yi tsami ta ƙara yoyo. Tun Nuwamba ita nake shimfiɗa mata da dare, kafin ki tashi na naɗe miki abarki."